Tursunoy da Yaran Jan Gangare

Idan kaka ta shigo Cashmali, babu mai tambayar inda Tursunoy-opa, wato yaya Tursunoy, take. Tana sallame sallar asuba za ta sha shayinta a tsaye, ta gutsuri gurasa ta cusa a aljihu, ta ɗaure ɗankwali tamau, ta rataya kyamara a wuya. Ƙarfen nan mai ƙafa uku da take kafa kyamarar a kansa, shi ne sandarta a hanya. Sai ta ja ƙofar shagon hotonta, ta bi ta bayan masallaci, ta tsallake rafi, ta kama hawa. Kafin rana ta leƙo ta bayan dutse ta riga ta isa inda ta nufa, ta kafa kayanta, ta samu kututture ta zauna.

Jira shi ne rabin sana'arta. Masu tsintar 'ya'yan yangak, ƙwayar bishiya mai taurin ɓawo da ake fasawa a ci, waɗanda suke tarewa a bukkoki cikin daji har a gama kaka, sun sha wuce ta da safe, su dawo da buhuna a kan jakuna su tarar ba ta gusa ba. In ka tambaye ta sai ta ce hasken bai nuna ba tukuna. Ba ta shiri da rana tsaka, ta ce tana koɗar da launi kamar yadin da aka manta a kan igiya. Ta fi son safiyar da aka kwana ana yayyafi, ganye a jiƙe, gajimare ya rage wa rana kaifi. Ko kuma sa'ar da hasken ya biyo ta bayan bishiya, kowane ganye ya zama kamar an kunna masa fitila a ciki. A irin wannan sa'ar yangak yakan koma ruwan zinare, bishiyar zarang ta yi ja wur, tuffar daji ta tsaya a tsakaninsu, ita ba ja ba, ita ba ruwan ɗorawa ba. Sai ka ji ƙaras, sau ɗaya ko biyu. Ta naɗe kayanta ta sauko, ta buɗe shago, ta ci gaba da ɗaukar 'yan makaranta da amare da masu neman fasfo.

Haka ta yi shekara arba'in da ɗoriya. Bana gwiwoyinta suka ce sun gaji, ta ajiye. Bai kamata irin wannan mata ta koma ɗaki shiru ba a faɗi abin da ta yi ba.

Shagon na mijinta ne, marigayi Holmat. Ita a da aikinta wanke hotuna a ɗakin duhu. Da Allah ya yi masa rasuwa da sauran ƙuruciyarsa, dangi suka ɗauka za a sayar da kyamarar. Tana fita takaba sai aka ga ta buɗe shago. Hoton mutane dai an karɓa, tunda babu wani mai hoto sai an je birni. Hoton ganye ne ya zama abin dariya, kuma jagoran masu dariyar wan mijinta ne, Norkul-aka, wato yaya Norkul, ƙaton mutum wanda ko raɗa ya yi sai an ji a ƙetaren rafi. Har yau da ta yi furfura bai daina ce mata kelin ba, amaryar gidansu.

"Kelin, yau ma ango da amarya suna can sama suna jiranki?"

"Suna jira, aka."

"To ki ce wa bishiyar ta yi murmushi. In ta sallame ki, ki sammana."

"Ita dai ba ta taɓa roƙona in rage mata tumbi a hoto ba," ta ce, ta yi gaba. Mazan da ke zaune suka kwashe da dariya, har da shi.

Wadda ta fara gane amfanin abin maƙwabciyarta ce, Salomat mai gasa gurasa. Lokacin da samarinmu suka fara tafiya Rasha neman aiki, ɗan Salomat ya bugo waya daga Mosko yana cewa can komai toka-toka ne, har ya fara manta kamannin gida. Tursunoy ta zaɓi hoton daji guda ta ba wani matafiyi ya kai masa. Aka ce ranar da ya manna shi a bango, ma'aikatan da suke kwana ɗaki ɗaya suka tsaya a gabansa suna ta kallo. Tun daga nan duk wanda zai bar Cashmali sai ya biya ta shagon, ta sa masa kaka guda a jaka, kyauta.

Amma babban aikinta a Jan Gangare ta yi shi.

Gangaren da ke saman gari ne, kuma kaka ce ta raɗa masa sunan. Akwai wani faffaɗan dutse a gefensa inda take kafa kyamara kowace shekara. Wata rana ta baje hotunan wurin a tsakar ɗaki tana jera su, na da can a dama, na baya-bayan nan a hagu. Ta daɗe a durƙushe. Sai ta leƙa ta katanga ta kira Salomat.

"Zo ki duba mini, ko idona ne."

Salomat ta zo da gari a hannu, ta duba. "Bishiyoyi ne. Ga su nan kamar kullum."

"Bar kallon sama. Kalli ƙasa."

A tsofaffin hotuna launin yana farawa ne daga ƙasa. Ƙananan yangak masu kaiwa gwiwa, 'yan tuffa masu kaiwa kafaɗa, zarang ja-ja a ko'ina, har ba ka iya ganin turɓaya. A sababbin kuwa zinaren yana can sama a kan manyan bishiyoyi, ƙarƙashinsu fili fetal, sai sawun kofato.

"Dajinmu ya daina haihuwa, Salomat," in ji Tursunoy. "Duk tsofaffi ne. Babu yaro ko ɗaya."

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da gonakin gwamnati suka watse, kowa ya koma tara shanu, domin su ne madogara. Shanun a daji ake sakinsu, duk tsiron da ya leƙo sai su lashe. Mu kuma wajen tsinta ba ma barin ƙwaya guda a ƙasa. Kowa yana wucewa ta gangaren kullum, shi ya sa babu wanda ya lura. Ranar da tsofaffin suka faɗi, shi ke nan, babu yangak, babu abin da zai riƙe ƙasar da ke rataye a saman gidajenmu.

Washegari ta ɗauki hotuna biyu ta nufi gidan shayi, inda mata ba su cika shiga ba. Ta yi sallama, ta kafa su a jikin ginshiƙi, ta faɗi abin da ta gani. Norkul-aka, wanda ya fi kowa shanu a garin, ko juyowa bai yi ya kalle su ba.

"Kelin, dajin nan ya girmi kakan kakanki, bai taɓa neman taimakonki ba."

"Ban ce a yanka shanu ba, aka. Cewa na yi a bar gangaren nan ya huta na 'yan shekaru."

"Su huta a ina, shanun? A shagonki? In dusar ƙanƙara ta rufe hanya, madara yara suke sha ko jan ganye?"

Maganarsa ba ta rasa gaskiya ba, kuma ta san haka. Mutane suka gyaɗa kai. Kafin la'asar mai gidan shayi ya dawo mata da hotunan a naɗe cikin jarida, yana ba ta haƙuri.

Daga nan gari ya juya mata baya. Aka baza cewa so take ta haɗa mutane da hukumar daji a ƙwace musu rabonsu. Masu biki suka koma ɗauko mai hoto daga birni. Mata su gan ta a bakin rafi su saki hira. Shago ya yi tsit, sai Salomat kaɗai ke shigowa da gurasa da labarin abin da ake faɗa.

Tursunoy ba ta sake zuwa gidan shayi ba. Kowane gida yana da rabonsa a daji, kuma rabon marigayi Holmat a tsakiyar Jan Gangare yake. Ta sari itace da ƙaya ta kewaye shi da hannunta, ta binne 'ya'yan yangak da na tuffa kafin sanyi. Da bazara suka tsiro, kore shar, jeri-jeri. Wata safiya ita da Salomat suka hau, suka tarar shingen a kwance, shanu a ciki suna tuƙa. Babu tsiro ko ɗaya. Tambarin Norkul ne a cinyoyinsu.

Salomat ta juyo gare ta a fusace. "Ga kyamara a wuyanki. Ɗauke su yadda suke, ki kai hukuma, a koya wa mai tumbin nan hankali."

Tursunoy ta ɗaga kyamarar, ta sauke. Ta zauna a ƙasa ta daɗe tana kallon wurin.

"In na kai wan mijina ƙara zan samu shinge, in rasa gari," ta ce. "Ni kaɗai ba zan iya tsare gangaren nan ba. Sai sun so."

Ta tashi ta kori shanun, ta fara ta da shingen.

Ke ce wannan, Tursunoy-opa. Kina da makami a hannu, kina da gaskiya, ga shaida a tsaye kusa da ke, kika zaɓi hanyar da ta fi tsawo. Ke ce kika sake shuka a wannan kakar, da wadda ta biyo, kina gaida waɗanda ba sa amsa miki. Da kin bi zuciya a safiyar nan, da yau ana ba da labarin rigimar gidan Norkul, ba labarin daji ba.

Ana nan sai Norkul-aka ya samu kujerar hajji. Mai shirya tafiyar ya aiko a kai hotuna da gaggawa, ga shi ruwa ya cinye gadar da ake bi zuwa birni. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya sunkuyar da kai ya shiga shagon da ya daɗe bai taka ba. Salomat tana ciki ta kawo gurasa, kuma da ta ga wanda ya shigo sai ta gyara zama.

"Kelin, hoton fasfo. Ki yi sauri, ina da abin yi."

"Zauna, aka. Fitilar ce take mini gardama, bari in duba ta."

Ya zauna a kan kujera. A bangon da ke fuskantarsa akwai hotunan nan biyu da ya ƙi kallo a gidan shayi, sai dai yanzu ta wanke su manya, kowanne ya kai taga. Ya kau da kai. Ya kalli rufi, ya kalli takalminsa. Fitila dai ba ta gyaru ba. Can idonsa ya faɗa kan tsohon hoton, ya tsaya a kusurwar ƙasa. Wata mata ce da shuɗiyar riga, ta tattaro bakin rigar cike da tuffa, ta juyo tana dariya, ƙananan bishiyoyi ja da ruwan zinare sun kewaye ta har kafaɗa. A ƙaramin hoto ba ta wuce ɗigo ba. A nan kuwa har wushiryarta ana gani. Zebi ce, matarsa, wadda ta rasu shekarun baya.

Ya tashi ya matsa kusa.

"Wannan ina ne?"

"Ba ka gane ba, aka?"

"Zebi ba ta taɓa fita daga garin nan ba. Ina ne wannan?"

"Jan Gangare ne. Ga gefen dutsen da kake zama kana kallon shanunka."

Ya dubi dutsen. Ya juya ya dubi ɗaya hoton: dutsen ne dai, bishiyoyin ne dai, amma inda Zebi ta tsaya babu komai sai ƙasa da kashin shanu. Ya sake duban fuskar Zebi. Daga baya ya koma ya zauna, ya gyara hularsa.

"Ɗauki hoton, kelin."

Nan take fitila ta kama. Har yau ana musu a Cashmali ko da gaske ta lalace a ranar. Tursunoy ta ce tsohuwar fitila ce. Norkul kuma ya ce haskenta ne ya sa idonsa ya yi ja a fasfo.

Haka ya tafi Makka. Da ya dawo aka dafa palov, dafa-dukan shinkafa da nama, a manyan tukwane, gari ya taru yi masa barka. Bayan an yi addu'a ya miƙe a gaban dattawa.

"Na tsaya a Arfa ina roƙa wa jikokina arziki," ya ce, "sai na tuna wanda Allah ya riga ya ba su ni nake cinyewa. Daga gobe shanuna ba za su sake hawa Jan Gangare ba. Duk wanda ya ga saniyata a can ya yanka, naman nasa ne."

"Har da jar nan mai ƙiba?" wani ya tambaya daga baya.

"Ita kam ka kira ni mu raba."

Aka yi dariya, amma ba kowa ba. Wata bazawara ta ce ita saniya ɗaya gare ta, in aka rufe gangare ina za ta kai ta. Norkul ya ce makiyayarsa ta bakin rafi a buɗe take ga duk mai saniya ɗaya ko biyu. Ya sayar da rabin garkensa ya sayo waya da turaku. Sannan ya aika a kira Tursunoy daga ɓangaren mata, ya ce ta zo ta nuna inda shinge zai bi, tunda babu wanda ya san gangaren kamarta.

Aka yi gayya. Maza suna kafa turaku, mata suna binne iri, kowane gida ya ware kwando daga tsintarsa. Kada a ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. An sha wayar gari a ga an datse waya. Aladun daji sun tone shuka. Akwai shekarar da ruwa ya ɗauke, sai da aka riƙa hawa da jarkoki a kan jakuna, Tursunoy a gaba. Wasu suka gaji suka janye, wasu suka dawo. Ita dai kowace kaka tana kan dutsenta, ta ɗauko hoto ta kai gidan shayi, inda yanzu aka ware mata bango guda. Da fari sai ka ƙura ido kafin ka ga 'yan ɗige-ɗigen rawaya a ƙasa. Wata shekara suka kai idon sawu. Wata shekara gwiwa. Maza suka riƙa tsayawa da kofin shayi a hannu suna nuna nasu layin, suna gardamar na wa ya fi tsawo. A shekarun fari da wayar da aka datse, bangon nan ne ya hana mutane saki.

Da aka ji bana ce kakarta ta ƙarshe a sana'a, gari ya ce ba za ta hau ita kaɗai ba. Aka ɗora ta a kan dokin Norkul, shi kuma, da tsufa ya rage masa jiki bai rage masa murya ba, ya bi ta a kan jaki. Aka rufe shaguna. Waɗanda suka dawo daga Rasha don tsinta suka biyo, har da ɗan Salomat da iyalinsa. Da aka karya kwanar ƙarshe gangaren ya bayyana gaba ɗaya, ya kama tun daga ƙasa har sama, ja a cikin zinare, zinare a cikin ja, babu inda ido zai ga turɓaya. Ƙananan yangak na shukar farko sun fara 'ya'ya, ana taka su a ƙasa.

Aka sauke ta a kan dutsen. Ta kafa kyamara, ta ce yau mutane take so a ciki, kowa ya je ya tsaya a wurin da ya shuka. Jama'a suka watsu cikin gangaren. Ta sunkuya ta leƙa, ta ɗago, ta sake leƙawa.

"Ba na ganin kowa," ta ce da ƙarfi. "Bishiyoyi sun rufe ku. Ku fito fili."

Daga can cikin ganye muryar Norkul ta taso. "Wane filin, kelin? Ai kin cinye shi."

Dariya ta tashi daga ko'ina a gangaren, ta mutanen da ba a gani. Tursunoy ta sa bakin ɗankwali ta goge ido, ta danna. Hoton yana gidan shayi yanzu. Gari guda ne a cikinsa, amma in ka duba sai ka ga hannu a nan, hula a can, sauran duk ganye.

Mun gode, Tursunoy-opa, uwar yaran Jan Gangare. Ke ce kika kalli abin da muke wucewa kullum har kika ga abin da ya ɓace daga cikinsa. Mun yi miki dariya, mun ƙaurace miki, ba ki rama ba kuma ba ki fasa ba. Jikokinmu za su fasa yangak daga bishiyoyin da ba su san an taɓa yin rigima a kansu ba. Allah ya saka miki da alheri, ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwa, ya nuna miki kaka masu yawa.

Ku kuma masu karatu, yanzu kowa da kyamara a aljihunsa. In kaka ta zo kun fita ɗaukar launi, ku ɗauka, amma ku sunkuya ku duba ƙarƙashin manyan bishiyoyin garinku ko akwai masu tasowa. In babu, kada ku jira wani. Gidanta yana bayan masallaci, ƙofa a buɗe, kuma akwai kwandon iri a zaure. Ta ce duk mai zuwa ya taho da jakarsa.